Yatsan da Yashi Bai Cinye Ba

Ni ɗan yashi ne. Tun ina saurayi nake shiga kogin Wudil da bokiti, in nutse, in ciko, in juye a kwale-kwale. Idan ya cika mu tura shi gaɓa, mu kwashe da shebur, tifa ta zo ta ɗauka. Aikin ke nan. Ban iya wani ba, ban kuma nemi in iya ba.

Matata ta rasu shekarun baya, cikin damina. Mun haifi biyar, ɗaya ce ta tsaya. 'Yar fari ce, don haka ba na kiran sunanta. Uwarta ma har ta koma ga Allah "yarinyar nan" take cewa. Ta auri wani mahauci mutumin Utai, ba shi da aibu, ya tafi da ita Kudu inda yake sana'arsa. Da can duk babbar Sallah tana zuwa. Da kuɗin mota ya tashi sai ta koma tsallake shekara. Daga baya ta daina cewa za ta zo.

Abin da ya rage tsakaninmu waya ce. Ita ta kawo mini a zuwanta na ƙarshe, 'yar ƙarama mai maɓallai, ta nuna mini koren da ake dannawa idan ta yi ƙara. Ita ba ta da tata. Da ta mijinta take kira, ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da ya dawo gida. Juma'a ranar kasuwa ce a garinmu, ko'ina shanu da tireloli da hayaniya. Sai in bar su, in gangara ƙasan gada inda muke ɗaure kwale-kwale, in zauna in jira. Ita ke magana. Ta ba ni labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa a can, da ɗanta da ya fara haƙori, da maƙwabciyarta da ba sa jin yaren juna amma suna aron turmi. Ni nawa "to" da "madalla". Wannan ya ishe ni mako guda.

Ban taɓa kiranta ba. Wayar surukina ce. Mutum ba ya buga wa surukinsa ya ce ba ni 'yata. A gidanmu ba a yi haka ba.

Wata Juma'a na zauna har aka kira magariba, wayar ba ta yi ƙara ba. Na ce ko ba su da kati. Ta biyu ma haka. Ranar Asabar na kai ta wurin mai cajin waya na bakin gada, wani magidanci mai yawan magana da nake kai wa caji duk kwana uku. Ya danna nan ya danna can, ya ce wayar lafiyarta ƙalau, layin ne aka rufe, saboda ban haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ba. Na ce ba ni da ita. Ya ce ai an daɗe ana faɗa a rediyo. Gaskiya ne, na sha ji. Na ɗauka maganar ma'aikata ce da masu ajiya a banki. Na ce to a sayo wani layin. Ya ce shi ma sai da lambar. Ya ƙara da cewa idan layin ya daɗe a rufe, wani za a ba, yarinyar ta kira ta ji baƙuwar murya.

Bai tambaye ni ba, ya ciro lambar surukina daga wayar ya buga masa da tasa, ya gaya masa halin da ake ciki. Niyyarsa alheri ce. Juma'ar da ta biyo ta kira ta wayar mai cajin. Shagon cike da 'yan kasuwa, kowa na jiran cajinsa, kowa ya yi shiru yana kallona. Na karɓa. Ta gaishe ni na amsa. Ta ce ina jin daɗin jikina, na ce lafiya lau. Ta fara wani labari, na ga idanun mutane, na ce lafiya lau kuma. Na miƙa masa wayarsa. Daga baya na ce ya gaya musu kada ta sake kira a nan, ta jira sai an buɗe nawa.

Ofishin rajista ba shi da nisa da gidana, amma na tarar mutanen Indabo da Achika sun riga ni, sun taso tun sallar asuba. Kowa ya ajiye dutse ko takalmi a layi ya koma inuwa. Ranar farko babu wuta, injin ma babu mai. Rana ta biyu an sami wuta, aka ce na'ura ba ta magana da ta birni. Rana ta uku layi bai zo kaina ba. Duk ranar da na yini a layin nan, ranar ban shiga ruwa ba, kuma wanda bai shiga ruwa ba bai ci ba.

Rana ta huɗu na shiga. Wata yarinya ce mai tabarau a bayan teburin, ba za ta girmi tawa ba. Ta gaishe ni da ladabi. Da ta ga hannuwana sai ta ajiye biro, ta ce kafin mu fara dogon rubutu bari a gwada tukuna. Ta kama babban yatsana na dama ta ɗora a kan wani ɗan gilashi mai haske. Babu komai. Ta goge gilashin, ta goge yatsan da auduga, ta ce in hura masa iska. Babu komai. Ta juya allon ta nuna mini. Wani baƙin tabo ne kawai, kamar an ɗiga kunu a ƙasa.

Ta ce, "Baba, wane aiki kake yi?"

Na ce, "Yashi."

Ta ce shi ne. Yashi ya cinye zanen. Ta ce ta sha ganin haka wurin magina da masu wanki. In huta da aiki kamar wata guda, in riƙa shafa mai a hannu, zanen zai dawo. Na bayana sun fara gunaguni. Na tashi.

Wata guda. Na yi ta juya maganar a hanya. Tun da aka kawo injinan da ke zuƙo yashi ta bututu, aikinmu ya ragu. Tifofi ma sun ragu tun da mai ya yi tsada. Mu huɗu ne a kwale-kwalenmu, kuma a gaɓa akwai goma da ke zaune suna jiran ɗaya ya yi rashin lafiya. Idan na bar wurina wata guda, ba zan dawo in same shi ba. Ba ni da gona. Ba ni da ɗa namiji da zai ce zauna Baba.

Sai na yi tunani irin nawa. Tun da nake, hukuma ba ta taɓa neman komai a jikina ba sai babban yatsan dama. Ranar zaɓe shi ake dangwalawa. Lokacin da aka rubuta sunayen waɗanda ruwa ya ci gidajensu, shi na dangwala, duk da ba a kawo komai ba. A asibiti da za a yi wa matata aiki, shi na dangwala. Yarinyar ofishin ma shi ta kama. To in haka ne, me ya haɗa sauran tara da hutu? Shi kaɗai zai huta, su su yi aiki.

Na sayi man kaɗanya. Na yago tsumma daga wani tsohon zanin matata. Na je wurin mai faci na karɓo guntun robar cikin tayar keke. Kullum da safe in shafe yatsan da mai, in naɗe da tsumma, in zura robar a kai, in ɗaure gindin da zare tamau don kada ruwa ya shiga. Lokacin salla in kwance in yi alwala, in sake ɗaurewa.

Ba ka sanin amfanin babban yatsa sai ka ajiye shi. Bokiti ya riƙa kufce mini a ƙarƙashin ruwa, in fito da rabi. Ƙotar shebur ta koma cin tsakiyar tafina, inda ba ta saba ci ba, har wurin ya fashe. Na ga abokan aikina suna ƙara nutso don cike nawa. Wannan ya fi ciwon yi mini nauyi.

Akwai wani direban tifa, Bazazzagi, abokin wasa. Shi ba ya raga wa kowa. Ranar da ya fara gani ya leƙo ta taga ya ce, "Kai Bakano, lalle aka sa maka? Yaushe ne ɗaurin auren, ba gayyata?"

Na ce, "Ciwo ne."

Ya ce, "Ƙarya kake. Ciwo ba ya ƙamshin man kaɗanya. A nemo wa amarya zunguru ta zura hannun gaba ɗaya."

Aka yi dariya. Washegari ya zo da goro ɗaya ya ce na gaisuwar uwar amarya ne. Na karɓa na ci. Daga ranar duk gaɓar nan "amarya" ake kirana. Ban gaya wa kowa dalili ba. Da na faɗa, da sai na ambaci 'yata, kuma ba zan ambace ta a bakin kogi cikin maza ba.

Mako na farko ban ga canji ba. Fatar ta yi fari ta yi laushi, shi ke nan. Cikin mako na uku, wata safiya ina zaune a bakin ƙofa zan shafa mai, rana ta faɗo a kan yatsan. Na ga wasu siraran layuka suna zagaye juna, irin waɗanda ruwa ke bari a kan rairayi idan kogi ya janye. Na daɗe ina kallo. Rabona da su tun kafin in yi aure, har na manta ina da su. Na juya wajen ɗakin matata zan ce zo ki gani. Ɗakin a kulle yake, shekara nawa. Na shafa man na ɗaure.

Duk Juma'a ina gangarawa ƙasan gada kamar da. Na san wayar ba za ta yi ƙara ba, amma ina kai ta caji, ina sa ta a aljihu. In zauna in ji tireloli suna wucewa a kaina da shanu, duk Kudu suka nufa. Wata rana na yi tunanin in roƙi wani direba in hau bayan shanun. Sai na tuna ban san sunan unguwar da take ba. Ban taɓa tambaya ba.

Da wata ya cika na ƙara kwana biyar don in tabbata. Na koma ofishin, na ajiye takalmina a layi, na yi kwana biyu. Da na shiga yarinyar ta gane ni. Ta ce Baba mai yashi, an huta? Na kwance zaren, na cire robar, na warware tsumman, na ɗora mata yatsan a kan tebur. Ya yi sumul kamar na jariri a cikin sauran.

Ta yi rubutunta, ta tambayi garin haihuwa da sunan uba, ta ɗauki hoton fuskata. Sannan ta jawo wani gilashi da ya fi na farko faɗi.

Ta ce, "Yatsu huɗu na dama tukuna, Baba. Ban da babban."

Na ce, "Wannan ne na gyara."

Ta ce, "Za mu zo kansa. Duka goman ake ɗauka."

Na ɗora huɗun. Baƙi. Na ɗora na hagu. Baƙi. Babban yatsan hagu, baƙi. Da aka zo kan nawa na dama sai na'urar ta yi ƙara, allon ya nuna kore, ga zanen ya fito ɓaro-ɓaro. Ta kalli allon, ta kalli tsumma da robar da ke kan teburinta. Ta tambaye ni me na yi, na gaya mata a taƙaice. Dariya ta kufce mata, ta rufe baki da mayafi. Ba ta daɗe ba ta daina. Ta ce da na tambaye ta. Na ce ban san akwai tambaya ba.

Ta ce ɗaya ba ya isa. Ko dai in koma in huta da gaske, hannu biyu, ko kuma akwai wata hanya. Akwai gurbin da ake sa waɗanda ba su da yatsu, kamar wanda cuta ta cinye wa ko wanda inji ya yanke wa. Za ta iya sa ni a nan. Za a ɗauki hoton hannuwana, shugabansu ya sa hannu, a aika birni. Yana ɗaukar lokaci amma yana fitowa.

Na ce, "Yatsuna goma."

Ta ce, "Na gani, Baba. Na'urar ce ba ta gani ba."

Idona ya sauka a bango, inda fenti ya ɓare. Na gane yashin da aka yi shafen da shi. Mai tsakuwa ne ja-ja, na kwanar da ke sama da gada, inda ruwa ke da ƙarfi. Babu mai shiga wurin a lokacin da aka gina ofishin nan sai mu. Ban ce mata komai a kai ba, ba ita ta gina ba.

Ban ji daɗi ba. Ba don ina raina marasa yatsu ba, Allah ne ya yi su ya yi ni. Amma abu ɗaya na mallaka a duniya, hannun nan. Da shi na ciyar, da shi na aurar, da shi na haƙa kabari huɗu ƙanana. Yanzu za a rubuta a takardar hukuma, wadda za ta fi ni daɗewa, cewa babu shi.

Na bayana suka fara cewa a yi sauri.

Na ce, "In an rubuta haka, layin zai buɗe?"

Ta ce, "In Allah ya yarda."

Na ce, "Rubuta."

Ta ce in tsaya jikin bango in ɗaga hannu biyu daidai fuska, tafin yana kallonta. Na ɗaga. Haka ake sa ɓarawon akuya ya yi a kasuwa. Mutanen layi suna leƙe ta taga. Ta ɗauka, ta ce shi ke nan, Allah ya huci zuciyarka Baba. Na kwashe tsummana na fita. Robar na bar mata, ban san me ta yi da ita ba.

Washegari na shiga ruwa da yatsu goma. Bazazzagin ya ce amarya ta fita daga lalle, ina angon? Na ce ya fasa. Kafin mako biyu yashi ya mayar da yatsan yadda ya same shi.

Takardar ta daɗe. Ina zuwa ana cewa ba ta iso ba. Kullum sai na tambayi mai caji ko an ba wani layin nawa, ya buga ya ce har yanzu a rufe yake, ba a bayar ba. Da ta fito na kai masa, ya yi abin da ake yi. Bayan kwanaki, wata Talata, ya buga da tasa sai tawa ta yi ƙara a hannuna. Ya ce bari ya sanar da su. Na ce a'a. Na gaji da maganata tana bi ta bakin wani.

Juma'a na gangara. Na zauna daga la'asar har rana ta faɗa bayan gada. Shiru. Ba laifinta ba ne. Ni na ce ta jira, tana jira. Ba ta da yadda za ta sani.

Mako guda ina tunani. Ranar Alhamis na je wurin mai caji lokacin da babu kowa a shagon, na ce ya nuna mini inda lambar take. Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskata, ya fasa. Ya nuna mini: wannan sau biyu, sannan kore. Na sa ya maimaita sau uku.

Juma'a bayan la'asar na zauna a gefen kwale-kwale. Na ciro wayar na riƙe. Na mayar aljihu. Na sake cirowa. Ubana bai taɓa shiga gidan surukinsa ba har ya mutu, ko inuwar ƙofar bai tsaya ba. Amma ubana 'ya'yansa duk a bayan katangarsa suke aure, yana jin muryarsu idan suna daka.

Na danna sau biyu, na danna kore. Na ji ta shiga, ƙara ɗaya. Na kashe. Na ajiye ta a kan katako nesa da ni.

Ba a jima ba ta yi ƙara. Surukina ne. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, gida da aiki da jiki da mutanen gari, ina amsawa. Bai ce ya ga kirana ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ce ga ta.

Ta yi sallama.

Ta ce, "Baba, kai ne ka kira?"

Na ce, "Hannuna ne ya taɓa."

Sannan ta ce yaron ya fara tafiya, jiya ya faɗa cikin bahon wanki. Ta ce ruwa bai ɗauke ba kwana uku. Ta ce maƙwabciyar ta tashi, ta bar mata turmin.

Na ce to.